Maɓallin janyewa ya ɓace daga fotal ɗin 'yata, alheri ne ko akasin haka?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar neman jami'a a Amurka ku taimaka min da haske, don barci ya ƙaurace wa gidana. Babbar 'yata ta nemi jami'o'i 9, ta tura takardunta ta Common App, shafin da ake neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya, tun farkon Janairu. Akwai guda ɗaya da ranta ya fi kwantawa da ita, ita ta nema tun Nuwamba a zagayen farko. A tsakiyar Disamba suka amsa cewa ba su ɗauke ta ba, ba su kuma sallame ta ba, sun ɗage maganarta zuwa ƙarshen Maris. Muka rungumi haƙuri.

To jiya da dare ta shigo ɗakina da gudu, wai maɓallin da ake dannawa idan mutum yana so ya janye takardarsa ya ɓace daga fotal ɗinta na wannan jami'ar, wato shafin da take duba matsayin takardarta. Ta ce yara a dandalin tattaunawa na Reddit suna cewa duk wanda nasa ya ɓace an ɗauke shi. Kafin safiya kuma ta samo wasu da suka ce a'a, wanda aka riga aka watsar ne ake cire masa, tunda ba shi da abin janyewa. Ana cikin haka sai ga imel daga ofishin tallafin karatu na wata jami'ar daban, suna neman takardar kuɗin shigar mahaifinta. Shi kuma Baban yana jin haka ya ce ai magana ta ƙare, wa zai tambayi kuɗinka in ba ɗaukarka zai yi ba? Har ya bugo wa yayarsa ya yi mata albishir. Ni dai gabana faɗuwa yake yi. Shin waɗannan abubuwa suna da ma'ana?

Ɗan Jira:
Wa alaikumus salam Mama. Ni ma layin nan nake, na nemi 12. Ina ganin Baba yana da gaskiya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mu kusan 40 ne a wani guruf, mun buɗe jadawali, kowa yana rubuta abin da ya canza a fotal ɗinsa da ranar da ya canza. Bara ma an yi haka, kuma da yawa waɗanda maɓallinsu ya ɓace sun samu. Ki ce mata ta duba ko jerin takardun da ta tura ya koma ƙasa ko yana nan a sama. Wannan ma alama ce.

Kawu Sarkin Gaskiya:
Ɗan Jira, wannan jadawali naku da bugun ƙasa duk ɗaya ne, sai dai ku da kwamfuta kuke yi. Hajiya, ki kwace wayar nan ki ajiye sai ranar da aka ce.

Maman Biyu:
Kawu ai ko na kwace tata, tawa tana hannuna. Kunya ce ta hana ni faɗa, amma ni ma na san lambar sirrin, kuma na fi ta shiga.

Yaya Injiniya:
Anti, bari in yi bayani ta ɓangaren da na sani, don aikina ke nan, gina irin waɗannan shafuka, kodayake ba na jami'a ba.

Jami'o'in Amurka da yawa ba su suka gina fotal ɗinsu da hannunsu ba. Akwai manhajar da ake kira Slate, ta kamfanin Technolutions, ita ce da yawansu ke amfani da ita. Abin da ɗalibi ke gani a shafinsa ba mutum ne ke zama yana jera masa ba. Ƙa'idoji ne ake saka wa manhajar: nuna wannan akwatin ga 'yan zagaye kaza, ɓoye wancan daga ranar kaza, nuna wannan ga wanda takardarsa ba ta cika ba. Idan ranar sakin sakamako ta matso, ma'aikata kan shiga gyare-gyare, su gwada shafin murna, su gwada shafin ba da haƙuri, su rufe wasu abubuwa don kada wani ya taɓa fayil ana tsakiyar aiki a kansa. Maɓalli zai iya ɓacewa ga kowa da kowa, ko ga waɗanda aka ɗage daga Disamba kawai, ko ga 'yan ƙasashen waje kawai, ko ga waɗanda aka gama karanta fayil ɗinsu ko mene ne hukuncin. Daga waje duk kama ɗaya suke.

Ba zan ce ba a taɓa samun ɓaraka ba. Ana samu, domin hukuncin yakan shiga manhajar kafin ranar da za a sake shi, kuma ƙa'idar da aka rubuta da sakaci tana iya tona asiri. Amma su ma ma'aikatan suna karanta abin da yara ke rubutawa a intanet. Ƙofar da aka gano bara, bana an toshe ta, ko ma ta juye ta koma nufin wani abu. Shi ya sa na bara ba ya zama hujja.

Ga kuma lissafi ɗan ƙarami, misali kawai. A ce jami'a tana ɗaukar mutum 5 cikin 100. A ce maɓallin ya ɓace ga rabin masu nema, wato 50, kuma duk biyar ɗin da za a ɗauka suna cikinsu. Har yanzu 45 cikin waɗannan 50 haƙuri za a ba su. Alamar ta yi gaskiya, amma mutum 9 cikin 10 da suka yi murna da ita kuka za su yi.

Ɗan Jira:
Yaya, lissafinka ya yi, amma ai daga 5 cikin 100 zuwa 10 cikin 100 ninki ne. Ni ko hakan ya ishe ni in ɗan samu numfashi.

Yaya Injiniya:
Ƙanena, ni na ƙirƙiro misalin, na kuma ba ka mafi kyawunsa. Kuma ka tambayi kanka su wa suke dawowa su cika jadawalin bayan sakamako ya fito. Wanda ya samu zai dawo da ihu ya ce alama ta tabbata. Wanda maɓallinsa ya ɓace aka kuma watsar da shi, fita yake daga guruf ɗin a daren, ba wanda zai ƙara jin ɗuriyarsa. Jadawalin bara da kake dogaro da shi, masu murna ne kaɗai suka ƙarasa shi.

Malam Mai Alli:
Hajiya, na shekara da shekaru ina taimaka wa ɗalibai cika waɗannan takardu, don haka bari in raba miki abin gida biyu, domin maganar maɓalli daban, maganar imel ɗin kuɗi daban.

Maɓalli dai Injiniya ya gama da shi. Imel ɗin kuɗi kuwa ba albishir ba ne, amma aiki ne da ke jiranku, kuma shi ne kaɗai abin da ke hannunku a yanzu. Jami'o'i masu zaman kansu da dama suna amfani da fom ɗin CSS Profile na hukumar College Board don auna ƙarfin aljihun iyaye, wasunsu kuma suna karɓar takardun shaida ta wani sashe na College Board ɗin da ake kira IDOC. Da zarar yaro ya cika fom ɗin, na'ura kan tura masa buƙatar takardu, ko an buɗe fayil ɗinsa a ofishin ɗaukar ɗalibai ko ba a buɗe ba. Ofis biyu ne daban. Na tallafi yana so ya shirya lissafinsa tun da wuri, domin ranar da aka saki sakamako a haɗa wa waɗanda suka samu da bayanin abin da za su biya. Ba zai jira sai an yanke hukunci kafin ya fara tattara takardu ba, lokaci ba zai isa ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin jami'o'in. Kaɗan ne suka yi alkawarin ba sa duba aljihun iyaye wajen ɗaukar ɗan ƙasar waje. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka bi sahu a 2022. Mafi yawan sauran suna dubawa. A irin waɗannan na biyun, idan ma'aikaci da kansa ya rubuto a watan Maris, da sunansa, yana tambayar wani abu takamaimai a takardar mahaifinta, to ana iya cewa wani yana riƙe da fayil ɗin a hannu. Riƙe fayil kuwa ba ɗauka ba ne. Na ga wanda aka yi wa irin wannan tambaya har sau biyu, ƙarshe jerin 'yan jira aka saka shi.

Abin da nake tsoro shi ne ku shagala da fassara imel ɗin ku manta da amsa shi. Ku tura takardar yau.

Maman Biyu:
Innalillahi. Malam, wallahi ba mu tura ba. Tunda ya zo muke gardamar ma'anarsa, ba wanda ya nemo takardar. Yanzu zan tashi Baban.

Kuma imel ɗin ba sunan kowa a ƙasa, sunan ofis ne kawai.

Malam Mai Alli:
To na na'ura ne, Hajiya. A tura dai.

Gimbiyar Laburare:
Anti sannu da ƙoƙari. Ni bara na bi ta nan, yanzu ina shekarar farko. Ina so in faɗa miki yadda abin yake daga ciki, ko zai taimaka wajen lallaɓa ƙanwar tawa.

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris ban san abin da ake koyarwa a aji ba. Ina farkawa fotal, kafin in kwanta fotal, tsakar dare in na juya sai na duba. Na haddace shafukan nan har in aka matsar da layi ɗaya sai na gane. Wata jami'a ta gayyace ni hira da tsohon ɗalibinta, muka yi kusan awa guda muna dariya, ya ce ya ji daɗin magana da ni. Na fito na ce shi ke nan. Wata kuma ko hira ba ta kira ni ba, na cire ta daga rai, har na daina buɗe shafinta. Wadda muka yi dariya ta ba ni haƙuri a layi uku. Wadda ta yi shiru ita ce nake zaune a cikinta yanzu. Daga baya na fahimci hirar nan sau da yawa ta danganta ne da ko akwai tsohon ɗalibi mai sa kai a kusa da kai da yake da lokaci, kuma jami'o'in da kansu suna rubutawa a shafinsu cewa rashin hira ba ya rage wa mutum komai. Na karanta wannan tun a lokacin, ban dai yarda ba ne.

Abin da ya fi yi min ciwo ba rashin samun ba ne. Na riga na gaya wa ƙawayena da mahaifiyata cewa alamu sun nuna. Ranar da sakamako ya fito sai na zama ina ba mutane haƙuri a kan abin da ni aka yi wa. Shi ya sa maganar Baba da ya kira yayarsa ta tsaya min a rai. Don Allah Anti a san yadda za a janye wannan albishir tun yanzu, a hankali, kada nauyin ya faɗo kan yarinyar.

Baban Yara Uku:
Ni ina ganin kun yi wa mahaifin nan yawa. Mutum ya biya kuɗin fom, ya biya na jarrabawa, ya zuba ido wata uku ba ko uffan. In ya ga ɗan haske ya yi murna laifi ne? Kyautata zato ai abu ne mai kyau. Kuma ku masu cewa babu alama, ni na san akwai wasiƙar da ake turo wa wasu yara tun kafin ranar.

Malam Mai Alli:
Alhaji, gaskiyarka, akwai ta, kuma gara da ka tado ta. Jami'o'in Ivy League guda 8, wato Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Brown, Cornell, Dartmouth da Pennsylvania, suna sakin sakamakon babban zagaye rana ɗaya. A 2024 ranar 28 ga Maris ce, a 2025 kuma 27 ga Maris. Saboda kowacce tana tsoron kada wata ta riga ta kama yaron da take so, sai su tura wa 'yan kaɗan wasiƙa tun kafin ranar, yawanci 'yan wasa da wasu da suka yi fice sosai. Amma ka lura da yadda take. Wasiƙa ce da sunan yaro, daga ofishin ɗaukar ɗalibai, tana cewa a fili muna da niyyar ɗaukarka muddin ba ka lalata karatunka ko halinka ba. Ba ta buƙatar mai fassara. Jami'ar da ke son ta sanar da kai wani abu tana da adireshinka, ba za ta ɓoye saƙon a cikin maɓalli ba. Kuma mafi yawan waɗanda ake ɗauka ba su taɓa ganin wannan wasiƙa ba, don haka rashinta ba ya nufin komai.

Game da murna kuwa, ko wasiƙar da ta faɗi magana a fili ta taɓa yin ƙarya. A 2009 Jami'ar Kalifoniya ta San Diego ta tura saƙon maraba ga kusan mutum 28,000 da ta riga ta ƙi ɗauka, kuskure ne, ta dawo ta ba da haƙuri. A 2015 Carnegie Mellon ta yi wa kusan mutum 800 masu neman digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta albishir ɗin samun gurbi, bayan sa'o'i ta janye. Idan saƙon da ya ce an ɗauke ka zai iya zama kuskure, ina ga akwatin da ya matsa daga sama zuwa ƙasa?

Baban Yara Uku:
To Malam, na ji. Amma dai zuciya ba ta da ƙashi. Ni nawa na fari da zai shiga, sai da na yi sati ban iya karanta jarida ba.

Ɗan Jira:
Tunda ana maganar, akwai wani a guruf ɗinmu da ya ce in ka canza ƙarshen adireshin shafin ka saka wasu kalmomi, wani lokaci yana buɗe shafin da ba a sake ba tukuna. Ban gwada ba fa. Tambaya kawai nake.

Yaya Injiniya:
Kada ka kuskura. Kana ciki da sunanka da lambarka, duk abin da ka buɗe yana rubuce a wajensu.

Malam Mai Alli:
Ɗana, an taɓa yin wannan, kuma ba ta yi kyau ba. A Maris na 2005 wani ya wallafa dabarar leƙa sakamako a manhajar ApplyYourself da makarantun kasuwanci ke amfani da ita, ta hanyar canza adireshi kamar yadda ka ce. Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta gano mutum 119 da suka gwada, ta ce duk ba za ta ɗauke su ba. An yi ta gardama ko hukuncin ya yi tsauri, tunda ba su fasa komai ba, adireshi kawai suka canza. Gardamar ba ta dawo wa kowa da gurbinsa ba. Wasunsu ma shafin da suka buɗe fanko ne, ba su ga komai ba.

Ɗan Jira:
Na gode Malam. Na goge saƙon daga guruf ɗin, ni ne admin.

Kawu Sarkin Gaskiya:
Ka goge jadawalin ma.

Ɗan Jira:
Kawu wannan kam sai a hankali.

Gimbiyar Laburare:
Ɗan Jira, in kana son lambobi da gaske, akwai inda suke. Ka rubuta sunan jami'ar da Common Data Set a Google. Takarda ce da yawancinsu ke fitarwa duk shekara: mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka, nawa aka saka a jerin jira, nawa aka ɗauko daga jerin. Akwai ma wurin da suke faɗa ko suna la'akari da nuna sha'awar ɗalibi ko ba sa yi. Ni da na duba na ga jami'ar da nake shiga fotal ɗinta sau ashirin a rana, wai don su ga ina sonsu, ta rubuta ƙarara cewa ba ta duba wannan.

Kuma ka san girman tururuwar. A 2022 mutum sama da 61,000 suka nemi Harvard, ba a ɗauki ko 2,000 ba. Guruf ɗin mutum 40 ba zai gaya maka komai game da irin wannan taro ba.

Maman Biyu:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. An tura takardar, Baban ne da kansa ya yi sikanin ɗinta, yana yi yana cewa shi dai har yanzu jikinsa na ba shi. Na ƙyale shi.

Malam, tambaya ɗaya. Guda biyu cikin taran sun riga sun ba ta gurbi tun Fabrairu, jami'o'in jiha ne masu amsawa da zarar sun karanta fayil. Ɗaya ma da ɗan rangwamen kuɗi. Ita ko kallonsu ba ta yi, wai ba su take so ba. Suna ta turo imel a biya kuɗin riƙe gurbi. Mu biya ne ko mu jira?

Malam Mai Alli:
Af, Hajiya, ashe da tsuntsu biyu a hannu ake wannan rashin barci! Allah Ya sanya albarka. A mafi yawan jami'o'in Amurka ɗalibi yana da har zuwa 1 ga Mayu ya ba da amsa, sai wanda ya shiga zagayen farko mai ɗaure mutum aka kuma ɗauke shi, shi wannan ya riga ya yi alkawari. Ku karanta wasiƙun biyu da kyau ku ga ranar da kowacce ta rubuta, musamman ta rangwamen da ta ɗakin kwana, don wasu ɗakunansu kan ƙare da wuri. In ba abin da ke ƙurewa kafin Afrilu, ku jira sauran su fito ku jera su ku gwada abin da za ku biya a kowacce. Kada dai ku riƙe gurbi a wuri biyu lokaci guda, Common App ta hana, kuma yarinyar ta sa hannu a kan haka.

Kafin nan ki zaunar da ita ku buɗe shafin waɗannan biyun tare, ku duba kwasa-kwasan da malaman sashen da take so. In ba haka ba, ranar da ta buɗe na ƙarshe ta ga haƙuri, za ta ɗauka ba ta da komai.

Maman Biyu:
In sha Allahu yau da dare za mu yi. Yayar Baban kuma ni zan kira ta, in ce mata ƙaninta ya yi azarɓaɓi, a ci gaba da addu'a. Ta riga ta fara kiran yarinyar da sunan jami'ar, abin da ya fi damuna ke nan.

Af, na manta. Maɓallin ya dawo da yamman nan. Yanzu kuma tana ɗaki tana kuka wai sun fasa.

Ɗan Jira:
Mama da misalin ƙarfe nawa ya dawo? Nawa ma ya dawo, na mutum 31 a guruf ɗinmu duk ya dawo. Sauran taran ba su amsa ba tukuna.